Kayen aikina: koyar da lissafi ta intanet daga Damagaram

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Da abubuwa sun tafi yadda aka tsara, da yau kwanana uku ke nan a gaban allo. Gwamnati ta ɗage komawa lakol zuwa 28 ga wata saboda ambaliya, azuzuwa da dama har yanzu waɗanda ruwa ya rushe wa gidaje ne ke kwana a ciki. Duk wanda ya ga daminar bana a Damagaram, ya ga tsohon masallacin Birni ya zube a farkon Satumba, ba zai ce an yi kuskure ba. Sai dai ni a lakol mai zaman kanta nake koyarwa, kuma da awa ake biyana, jika ɗaya da rabi. Ba aji, ba kuɗi. Rabona da albashi tun ƙarshen Yuni, bashina a bitik ɗin bakin layinmu ya shiga shafi na biyu.

Wani abokina da muka karanta lissafi tare a Jami'ar André Salifou ne ya nuna mini wani dandali na intanet, inda 'yan lakol na Faransa da Beljiyam ke neman mai taya su aikin gida. Na buɗe wannan kaye, wato littafin rubutu, don in riƙa rubuta abin da na kashe da abin da ya shigo, in gane ko sana'a ce ko ɓata lokaci.

Aikin hanya biyu ne. Ta farko, yaro ya ɗauki hoton aikin da aka ba shi ya tura, malamin da ya riga danna shi ne mai shi, a ba shi minti 20 ya rubuta amsa da bayani. Kowace tambaya yuro ɗaya da rabi. Da yake yuro a ɗaure yake da sefa, 655.957, ba sai na yi ta bin farashin canji ba: tambaya ɗaya sefa 984 ke nan. Hanya ta biyu darasi ne ido da ido ta bidiyo, kai za ka yanka wa kanka kuɗin awa, dandali ya cire kashi 20 cikin 100. Na sa yuro 12, abin da zai rage mini 9.60, wato sefa 6,297. Awa ɗaya a nan ta fi awa huɗu a aji. Na sake lissafin sau uku kafin in yarda.

Kayan aikina: tsohuwar kwamfuta da batirinta ba ya wuce minti 40, salula, da intanet na wata guda da na saya yau jika 10.

Laraba, 9 ga Oktoba

Jarrabawar shiga. Tambaya 20, minti 45. Goma sha bakwai gida ne, ƙa'idar Tales, ta Fitagor, deribe, abin da nake koyarwa shekara shida. Sauran ukun kuwa 'yan layukan Python ne, harshen ba kwamfuta umarni, ana tambayar me za ta fitar in an gudanar da su. Na tsaya ina kallo har lokaci ya cika. Na ci da 17, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ashe manhajarmu da tasu sun jima da raba hanya. Mu har gobe seri A, C da D muke yi a lise, wato babbar sakandare. Su a Faransa sun soke S, ES da L, tun bak ɗin 2021 (jarrabawar gama lise) ɗalibi ne ke zaɓen fannonin da zai zurfafa a ciki. Kuma tun daga kolej, ƙaramar sakandare, suke koyon tsara umarni da Scratch, a lise su koma Python, duk a cikin darasin lissafi. Harshen karatu ɗaya, maki a kan 20 ɗaya, sai na ɗauka komai ɗaya ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Sau huɗu na'urarsu tana ƙin katina na ɗan ƙasa. Namu na kwali ne da hoto a manne, ita kuma da alama katin roba ta saba gani. Na ɗauka a rana, na ɗauka a inuwa, na shimfiɗa shi kan farin zane, duk a banza. Na rubuta musu wasiƙa na haɗa da hoton takardar digirina, na roƙi mutum ya duba da idonsa.

Laraba, 16 ga Oktoba

An karɓa. Alhamdu lillahi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Jiya uku, yau huɗu. Tambaya bakwai, yuro 10.50.

Na gane cewa tseren a yatsa yake kafin a kai ga ƙwaƙwalwa. Tambaya takan fito ta ɓace kafin shafina ya gama buɗewa, domin akwai malamai a wasu ƙasashen da intanet ɗinsu ya fi nawa gudu nesa ba kusa ba. A ɗaki rizo, wato siginar waya, sanda biyu ne. A tsakar gida, jikin katangar gabas, huɗu. Can na kai tabarma da ɗan teburin.

Don in nuna rubutun hannuna na haɗa wata dabara: gwangwanayen madara uku a dama, uku a hagu, na gitta katako a kai, na ɗaure salula da robar tayar keke tana kallon ƙasa. Farar takarda a ƙarƙashi, baƙin bik mai kauri. Shuɗi ba ya fita sosai a hoto. Maiɗakina ce ta lura inuwar hannuna na rufe rubutun, ta ce, «Malam, mayar da fitilar hagu mana, tun da da dama kake rubutu.» Haka aka yi, ya gyaru. Fitila jika 3, abin sawa a kunne mai makirfo jika 4.

Laraba, 23 ga Oktoba

Tsit. Tun Asabar tambaya biyu kawai na gani, ɗaya na samu. Na ɗauka an rufe mini asusu ne, sai da na bincika na tarar 'yan lakol na Faransa sun tafi hutun Tusan tun 19 ga wata, sai 4 ga Nuwamba za su koma. Na shiga kasuwa daidai lokacin da take watsewa. Na kwafi kalandar hutunsu na shekara na manna a bangon kaye. Wanda zai yi wannan aikin ya fara da ita.

Ba zan zauna haka ba. Na sauke Python da GeoGebra, manhajar zanen lissafi, duka kyauta ne, da tsakar dare lokacin da rizo ke sakin jiki. Awa biyu kullum bayan sallar asuba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Daren jiya Turai suka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Daga yau har Lahadin ƙarshe ta Maris lokacinmu ɗaya da Faransa. Yaransu sukan zauna aikin gida daga biyar na yamma zuwa tara na dare, wato magariba da lisha duk a tsakiyar kasuwar suke faɗowa. Na toshe minti 25 na kowace a jadawalina. Kome za a rasa a rasa.

Litinin, 28 ga Oktoba

An koma lakol. An ba ni turwaziyam (ajin ƙarshe na kolej) biyu da tarminal D (ajin ƙarshe na lise) ɗaya, awa 16 a mako. Safiyar Talata ba ni da aji.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji a aji ba.

Darasina na farko ta bidiyo, wani yaro ɗan sagond, ajin farko na lise, mahaifinsa ne ya biya kuma yana zaune a gefe, ina ganin kafaɗarsa. Ƙarfe bakwai muka fara. Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun shida da kwata, na ce batirin kwamfuta zai kai ni, ban tuna cewa bidiyo ya fi rubutu shan wuta ba. Muna minti na 22, na gama zana layi a kan ginshiƙai biyu, ina cewa ya duba inda ya ratsa na tsaye, allon ya yi baƙi. Na ɗauko salula in shiga da ita, ita kuma tana ɗaure a jikin katako, kafin in kwance robar in shigar da lambar sirri minti shida sun wuce. Da na shiga ba kowa. Sai saƙon uban, layi ɗaya, cewa ɗansa na da jarrabawa gobe kuma ba su da lokacin wasa. An mayar masa da kuɗinsa, ya ba ni tauraro ɗaya cikin biyar.

Ban ga laifinsa ba. Ya biya awa ɗaya, ya samu minti 22. Bai san cewa wutar yankinmu galibi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa ba, bai san irin duhun da muka sha bara da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli har zuwa Maris na bana ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Ni da na sani ne ya kamata in yi shiri. Matsakaicin taurarina ya faɗo daga 4.8 zuwa 4.3, kuma a dandalin nan duk wanda ya gaza 4.5 ba a nuna shi a shafin farko.

Inna ta fito ta same ni zaune cikin duhu. Ta ce, «Kai ɗan nan, ɗazu ina jin kana ta magana kai kaɗai, yanzu kuma ka yi shiru. Lafiya?» Na gaya mata. Ta ce in je in ga Yaya da safe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yaya ya ranta mini jika 80 ba tare da ya tambaye ni ranar biya ba. Abin da ya ce kawai, «Ka sayi batir mai kyau, kada araha ta ja ka.» Maiɗakina ta ƙara jika 35 daga adashinta da ta kwasa makon jiya, kuɗin da ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi. Wannan ya fi bashin Yaya nauyi a wuyana.

Na yini a kasuwar Dole da shagunan kewayenta. Fanon hasken rana mai wat 100 jika 32, batir jika 55, na'urar daidaita caji jika 8, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida jika 15, waya da ladan mai haɗawa jika 5. Jimla 115. Mai kabu-kabu ya ɗauko ni, fano a kaina, batir a tsakaninmu. Yaron da ya haɗa ya gargaɗe ni kada in bari batirin ya zube ƙasa da rabi, in ba haka ba ba zai shekara ba, kuma kada a sa masa dutsen guga ko da wasa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Wannan zan rubuta shi dalla-dalla, don tun safe yake cin raina.

Goma da minti 20 na safe tambaya ta fito, na riga kowa. Hoton a karkace yake, duhu-duhu. Da na ƙara girmansa sai na ga takardar a kan cinya take. Ana ganin gwiwar wando, gefen tebur daga sama, da ƙafar kujerar wani a gaba. A kan takardar an buga sunan aji da kwanan watan yau, da layin da ke cewa awa ɗaya, ba a yarda da na'urar lissafi ba. Ƙarƙashin hoton ya rubuta: da sauri, amsa kawai, ba bayani.

Yaron nan a cikin jarrabawa yake, malaminsa na tsaye a gaban aji ko yana zagayawa, kamar yadda nake zagayawa a nawa. Tambayar ba ta fi minti uku ba a wurina. Na rubuta masa cewa na ga alamar yana cikin jarrabawa, ba zan amsa yanzu ba, amma in ya fito ya turo mu warware ta tare daga farko har ƙarshe. Ya ba ni tauraro ɗaya. Minti biyu bayan na sake ta, wani ya ɗauke.

Na kai ƙara wurin masu dandalin da hoton. Dokarsu a rubuce ta hana wannan.

Da dare a fada na ba da labari, ana zuba shayi na biyu. Wani abokinmu ya ce, «Mushe, kai ma da wani abu. Ɗanka ne? Ƙasarka ce? Ga bashi a kanka. In ba ka amsa ba wani zai amsa, ga shi kuwa ya amsa.» Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, na gani da idona. Amma bara na kama wani ɗan tarminal da salula a cikin hannun riga, na ba shi sifili, uwarsa ta zo har gida tana kuka ban canza ba, domin na san abin da ke jiran yaron da ya saba da haka ranar bak. Da wane ido zan dube shi in na zama ni ne mutumin da ke ɗaya gefen salular, a kan sefa 984? Ban iya faɗin haka da kyau a fada ba, sai da na dawo gida kalmomin suka zo.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An cire tauraron ran Talata, na koma 4.4. Makon nan tambaya 14. Biyu na Python ne, na amsa su ba gargada. Batir na kai ni sha ɗaya na dare.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Yau na tuna abin da ya sa na zaɓi alli.

Laraba da rana yawancin yaran kolej a Faransa ba su da aji, ranar darasi ce. Wata yarinya 'yar turwaziyam, wannan ne zamanmu na biyu. Kamar rabin ajina na nan, ta rubuta (a+b)² = a² + b², kuma ta ce an sha gyara mata, tana mantawa ne. Ban ce mata kuskure ba ne. Na ce ta sa 3 da 4. Ta samu 49 a hagu, 25 a dama. Ta yi shiru. Na ce 24 sun ɓata, ina suka shiga?

Na zana fili mai kusurwa huɗu a takardata, kowane gefe taku 7, na raba kowane gefe 3 da 4, na ja layi biyu. Gida huɗu suka fito. Ta nuna mai 9, ta nuna mai 16. Na ɗora bakin bik a kan ɗaya daga cikin dogayen biyun da suka rage, ban ce uffan ba. Ina jin numfashinta a kunnena. Can sai ta ce 12, da wani 12, sannan ta yi wata 'yar ƙara ta kira mamanta ta zo ta gani. Minti 15 muka kashe a kan abin da zan iya rubuta mata cikin daƙiƙa goma. A hanyar tambaya da amsa ba a biyan wannan minti 15 ɗin, asara ma ake lissafa shi.

Muna cikin sallama aka kira la'asar a masallacin layinmu. Uwar ta tambaye ni daga ina nake magana. Gabana ya faɗi, na tuna uban ran Alhamis, amma na gaya mata gaskiya: Zinder, a Nijar. Ba ta taɓa jin sunan ba. Na ce nan ne babban birnin ƙasar kafin a mayar da shi Yamai a 1926, kusan kilomita 900 tsakaninsu. Ta ce to, ita dai 'yarta ta gane, ta kama mini kowace Laraba ƙarfe uku har ƙarshen zango.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Hazo ya sauka. Jiya batir bai cika ba, na hau na duba, fanon ya yi fari fat da ƙura har ina rubutu da yatsa a kai. Yanzu kullum da sassafe sai na goge shi da ɗanyen tsumma. Kofi ɗaya na ruwa ya isa, a garin da jarka sai an saya wurin mai garuwa ba a wanka wa fano.

Na karanta cewa Chegg, babban kamfanin Amurka na taya ɗalibai aikin gida, ya sanar a watan nan zai sallami wajen kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatansa, karo na biyu a bana. Tun Mayun 2023 hannun jarinsa ya zube kusan rabi a yini ɗaya, bayan shugabanninsa sun amsa cewa ɗalibai na komawa ChatGPT. Ga kuma irin su Photomath, ka nuna wa kyamara lissafi ta warware maka. Wanda amsa kawai yake so zai same ta kyauta cikin daƙiƙa biyar, ba zai daɗe yana biyan yuro ɗaya da rabi yana jiran mutum a Damagaram ba. Ina ganin hanyar farko kasuwa ce mai mutuwa. Abin da uwar yarinyar nan ta biya daban ne, ta biya wanda zai lura da inda 'yarta ta tsaya ya jira ta a wurin.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Lissafin wata ɗaya da rabi: tambaya 58, yuro 87. Darasi awa 9, yuro 86.40. Jimla 173.40, wajen sefa 113,700. A allo.

Fitar da su ne ya zama aiki. Dandalin na biya ta wata jakar kuɗi ta intanet ko ta asusun banki. Jakar na buɗe ta, sai a ƙarshe ta nuna mini cewa daga ƙasarmu ana iya aikawa amma ba a iya karɓa. Ina da ɗan baffa da ke karatu a Faransa, ya ce in sa asusunsa, shi kuma ya turo mini ta masu aika kuɗi. Na sa. Bayan awa biyu saƙo ya zo: sunan mai asusu bai dace da sunan malami ba, an dakatar da biya har sai an bincika. Laifina ne, dokar na nan a shafin da na danna na amince ban karanta ba. Daren nan barci sai ɓarawo. Kuɗin keken ɗinki nake ta gani.

Laraba, 4 ga Disamba

Na aika musu bayani da hoton katina. Sun saki asusun da gargaɗi. Darasi biyu yau, lafiya lau.

Litinin, 9 ga Disamba

Na buɗe asusu da sunana a wani banki a nan gari. Zuwa uku: ran farko ba takardar shaidar zama, ran biyu layi har aka tashi, yau aka gama. Na roƙi takardar da ke ɗauke da cikakkiyar lambar asusu da lambar SWIFT ta bankin, na kwafe su harafi-harafi, maiɗakina na karanto mini ina dubawa. Na nemi a turo yuro 200.

Asabar, 14 ga Disamba

Sun iso jiya. Yuro 200 sefa 131,191 ne. Abin da ya shiga asusuna 117,200. Kusan jika 14 sun narke a hanya, tsakanin bankin can, wani banki na tsakiya da ban san da shi ba, da nawa. Tambaya 14 ke nan na amsa wa bankuna. Ma'aikacin ya ce yawancin cajin ba ya bin yawan kuɗin, ko kaɗan ka turo ko da yawa kusan ɗaya ne. To daga yau ba zan fitar ba sai sun kai yuro 400, ko da za a yi wata biyu.

Na fara da adashin maiɗakina, jika 35 cif, na sa mata a hannu. Ta ƙirga ta ce, «Malam, da ka fara da Yaya.» Na ce Yaya ya ce zai jira. Mai bitik jika 22, an yage shafi biyun a gabana. Intanet na wata jika 10.

Gaskiyar lissafi dai har yanzu ban mayar da jarina ba. Na kashe 115 a wuta, 30 a intanet, 7 a ƙananan kaya, 152 ke nan, na karɓi 117. Akwai sauran yuro 41 a dandali.

Laraba, 18 ga Disamba

Ranar Jamhuriya, ba lakol. Na yi abin da nake ta juyawa a rai tun ranar filin mai gida huɗu. Na zana wa 'yan turwaziyam ɗina shi a allo washegarin wancan darasin, kuma da na bar Faransanci na ce musu da Hausa, «Ga gonar Baba, ga ta Inna, to waɗannan biyun na gefe na wa za a bar wa?», hannuwa suka tashi har daga bencin baya, inda ba a taɓa ɗaga mini hannu ba. Na yi wata biyu ina kai wa yaran wata ƙasa abin da na fi iyawa, nawa kuma suna tafiya gida da aikin da ba mai taya su. Iyayen yawancinsu ba su yi lakol ba.

Na buɗe zaure a WhatsApp na 'yan turwaziyam masu shirin brebe (jarrabawar gama kolej), wani na 'yan tarminal D. Doka ɗaya ce: ba na duba tambayar da ba ta zo da ƙoƙarin mai ita ba, ko layi biyu ne, ko kuskure ne. Ina amsawa da murya, da Hausa, kalmomin lissafin kawai nake bari da Faransanci yadda za su gan su ranar jarrabawa. Saƙo kada ya wuce minti biyu, hoto ƙarami, domin yawancinsu salular uwa ko ta yaya suke ara da dare, kuma kowane hoto kuɗi ne. Jika ɗaya a wata ga mai hali. Marayu huɗu na sa su ba tare da kowa ya sani ba.

Da yamma wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gida, uban wata ɗalibata, mai sayar da itace. Ya ciro jika ɗaya a ninke daga aljihun gaba ya ce, «Mushe, ga na yarinyar. Amma salular tawa ce, sai na dawo bayan lisha take samu. Ba ta makara ba?» Na ce, «Baba, ko sha ɗaya ta turo zan gani.» Mutum 19 suka shiga yau.

Lahadi, 22 ga Disamba

Faransa sun shiga hutun ƙarshen shekara jiya, sai 6 ga Janairu. Wannan karon na san da shi. Taurarina 4.6, na dawo shafin farko.

Shirin zango mai zuwa: na cire kaina daga tseren tambaya da amsa in ban da Asabar da safe. Ina da masu darasi uku tabbatattu, ina neman su kai shida, kada su wuce, don awa shida a mako ne abin da zan iya ba tare da na shiga aji da gyangyaɗi ba. Daga tara zuwa sha ɗaya na dare na 'yan zaurena ne. Ƙarshen Maris Turai za su tura agogo gaba, biyar ɗinsu ta zama huɗunmu, kuma azumi zai kama a farkon watan, sai na sake jadawali tun cikin Fabrairu. Ga zafi na tafe, kwamfutar nan tana ɗaukar zafi ko a cikin sanyin nan; in kuɗi na gaba sun iso, sabon batirinta da ƙaramar fanka ne farko.

Cikin hutun nan zan gama babin Scratch, yarinyar Laraba ta ce yana fitowa a brebe ɗinsu kuma tsoronsa take ji. Za mu koma 8 ga Janairu, ƙarfe uku. Gobe bayan la'asar zan kai wa Yaya jika 40, saura 40.